Rubutun kwandala ya fito biyu-biyu: tana da daraja?

Malam, ka ce ka tsinci tsohuwar kwandalar Amurka a kayan mahaifinka, rubutunta kamar an buga sau biyu, kana tambaya ko za ta yi kuɗi. Kafin komai, don Allah kada ka wanke ta ko ka goge ta da toka. Masu tara tsabar kuɗi suna rage farashi sosai idan sun ga an goge.

Sai ka samo gilashin ƙara girma ka duba haruffan a wuri mai haske. Idan kuskuren daga hatimin bugawa ne, layi na biyu zai fito a tashe, da kauri, kana ganin rabuwarsa da na farko. Idan kuwa ya kwanta, kamar an ɗan ja shi gefe, to injin ne ya girgiza lokacin bugu, kuma irin wannan ba ya ƙara daraja. A nan mutane da yawa suke yaudarar kansu, abin yana ba ni tausayi.

Shahararren misali shi ne sentin 1955 (kwandalar senti ɗaya) na ma'aikatar buga kuɗi ta Philadelphia, wanda shekarar da kalmar LIBERTY suka ninku har ido zalla yana gani. Mai kyau yana haura dala 1,000.

Duba shekarar ma. Sentin 1943 da ƙarfe aka yi shi saboda yaƙi, amma 'yan ƙalilan sun fito da tagulla bisa kuskure. Idan naka na 1943 ne mai launin tagulla, kanga masa maganaɗisu: idan ya manne, ƙarfe ne aka shafa wa tagulla. Na gaske yana da nauyin giram 3.11.

Idan ta tsallake waɗannan, aika ta PCGS ko NGC, kamfanonin da ke tantance sahihancin kwandaloli, su tantance kafin ka sayar.