Tambaya da Amsa: Ƙaramin injina zai iya fitar da bim daga gungume?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Iska ta kayar mini da wasu manyan bishiyoyi a gona, ni kuma ina shirin kafa rumfa mai buƙatar bim, wato dogayen katakai masu kauri da ke ɗaukar rufi. Ina da injin zarto mai sarƙa, mai cc 45 (awon girman inji ke nan), da nake sare rassa da shi. Na ga ana sayar da wani firam na ƙarfe da ake ɗaura wa injin a riƙa tsaga gungume a tsawonsa. In na saya, injina zai iya? Kuma ta ina zan fara? — Wani mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa asarar bishiyoyin ta zame maka riba.

Injinka zai iya tsaga ƙaramin gungume mai laushi, a hankali, yana nishi. In itacen mai tauri ne kuma mai faɗi, kada ka fara. Datse reshe aikin daƙiƙoƙi ne, injin ya huta. Tsaga kuwa sai ka danne totur ɗinsa har ƙarshe na tsawon mintuna ba sassauci, kuma zafin nan ne ke cinye fistin. Ni dai ba na ba kowa shawarar abin da ya gaza cc 70. Masu cc 70 su ne irin su Stihl MS 462 ko Husqvarna 572 XP. Mai son mayar da abin sana'a ya nemi na cc 90, kamar MS 661. In rumfa ɗaya ce tal a gabanka, ka ɗauki hayar babban inji, ka bar naka ya ci gaba da rassansa.

Firam ɗin da ka gani, irin wanda kamfanin Granberg na Amurka ya shahara da shi ne da sunan Alaskan. Yana kama takobin injin, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, a gindi da kuma kusa da baki, don haka yana cinye maka kamar santimita 15 (inci 6) na tsawonsa. Takobi mai inci 36 ba zai ba ka faɗin da ya wuce inci 30 ba. Sarƙa ma daban ce. Ta datsa ana wasa haƙoranta a kan digiri 25 zuwa 30, ta tsaga kuwa digiri 10. Ta datsar za ta yanka, amma fuskar katakon za ta fito da kaushi. Magagari ya zauna a aljihunka. Da ka ga dole sai ka jingina ƙirjinka kana turawa da ƙarfi kafin injin ya motsa, sarƙa ta dakushe, tsaya ka wasa. Ka kankare ɓawon da ya kwashi ƙasa tun kafin ka tayar da inji, domin yashi kaɗan ya isa ya kashe kaifi, balle tsohuwar ƙusa da itace ya haɗiye.

Amma ba a inji gizo yake saƙar ba, a yankan farko ne. Firam ɗin ba ya da ido, duk abin da ya hau kansa shi yake kwafa. Gungume kuwa zagayayye ne, mai tudu da kwari, saboda haka sai ka shimfiɗa masa hanya miƙaƙƙiya a sama: tsanin alminiyum, ko katako mai kauri da ka tabbatar bai karkace ba. In tsanin ya murɗe ko da kaɗan, bim ɗin zai fito a murɗe, duk yankan da ya biyo baya kuma zai gaji murɗewar.

Ga yadda nake yi. Ina zuwa kowane kai na gungumen in nemi cibiyarsa, wato ɗigon nan da zoben itace suka kewaye. In ɗora ma'aunin ruwa irin na magina, in zana murabba'in bim ɗin da fensir, cibiyar tana tsakiya daidai. Sannan in auna daga cibiya zuwa ƙasan tsani a kai biyun, sai awon ya zo ɗaya. Da yake gungume yana sirancewa zuwa sama, dole ka cusa guntun katako a ƙarƙashin tsanin ta siririn kai. Masu gaggawa sukan kwantar da tsani a kan ɓawo kawai, sai cibiyar ta ratsa bim ɗin a karkace, ta shiga ta tsakiya ta fita ta gefe. Irin wannan bim ɗin kafin ya bushe ya lanƙwashe. Ƙusoshin da ka kafe tsanin da su, ka auna zurfinsu, yankan ya bi ta ƙarƙashinsu.

Lissafin girma mai sauƙi ne: ninka faɗin bim da 1.4, shi ne kaurin da siririn kai yake buƙata, ban da ɓawo. Bim mai santimita 15 kowane gefe yana son aƙalla 21, mai 20 kuma 28. Ƙara kaɗan a kai, don sarƙa tana mayar da kusan santimita ɗaya gari a kowane yanka, itacen kuma zai tsuke in ya bushe.

Bayan yankan farko, cire tsani, saita firam a kan kaurin da kake so, ya hau sabuwar fuskar ya fitar da ta ƙasa. Mirgina gungumen ya tsaya a gefensa, mayar da tsani, duba da sukwaya, ka yi na uku da na huɗu. Kana tafiya kana cusa weji, wato guntun katako mai siririn baki, cikin tsagar a bayanka, kada nauyin sama ya matse takobi. In da hali ɗaga kai ɗaya na gungumen, ka riƙa yanka kana gangarowa. Bayanka zai gode maka.

Ka bi awon mai da kamfanin injin ya rubuta, yawanci kashi 50 na fetur da kashi 1 na man gauraye, kodayake masu tsaga da yawa suna yin 40 da 1. Cika tankin man sarƙa kafin kowane yanka. In ka kai ƙarshe kada ka kashe nan take, bar shi yana silo na minti ɗaya ya huce. A fili za ka yi aikin, iska tana kwashe hayaƙi daga fuskarka, domin hancinka na dab da salansa, hayaƙin kuma guba ne. Toshin kunne, tabarau da takunkumi ba ado ba ne. Ƙarar injin ta haura desibel 100.

Da ka gama, shafe kan bim ɗin biyu da fenti mai kauri ko kakin zuma, ta nan ruwa ya fi saurin fita har ya tsage. Jera su a inuwa, nesa da ƙasa, da ƴan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Bim mai cibiya a ciki sai ya yi ƴan tsage-tsage a fuska, wannan ba abin tashin hankali ba ne, amma wanda zai ɗauki rufi mai nauyi a nuna wa injiniya. Kada ka ce za ka ɗaga shi kai kaɗai: ɗanyen bim na itace mai tauri, 20 da 20, mai tsawon mita 4, yana kusan kilo 160.

Ka kuma tambayi hukumar gandun daji ta inda kake kafin ka sa zarto. Bishiya a gonarka ba kullum take nufin izinin tsagawa ba. A Ghana, alal misali, tun 1998 doka ta hana tsaga katako da irin wannan inji don sayarwa.