Bambancin steady, stable, constant da consistent

Malam, ka ce ƙamus ya fassara maka kalmomin nan huɗu da "tsayayye" ko "mara canzawa", har ka rasa wadda za ka ɗauka. Ƙamus bai yi ƙarya ba, don stable da constant da consistent duk tushensu ɗaya a Latin, mai nufin tsayuwa. Abin da zai raba gardama shi ne ka duba mene ne bai canza ba.

Stable shi ne abin da ko an girgiza shi ba zai kife ba, kamar teburin da ƙafafunsa huɗu suka zauna daram. In likita ya ce majinyaci is stable, kada a yi saurin cewa ya warke, nufinsa ciwon bai ƙaru ba. Shi ya sa kake jin critical but stable, wato yana cikin haɗari amma ciwon bai ƙaru ba.

Steady kuwa galibi akwai motsi a ciki, sai dai ba fizga. Ruwan sama da ya wuni yana zuba a hankali steady rain ne. Hannun da ke zura zare a allura ba ya rawa, steady hand ke nan. A nan aka fi tuntuɓe: farashin da ke hawa sannu a hankali steady rise ake cewa, don in ka ce stable, mai sauraro zai ɗauka ya tsaya wuri ɗaya.

Constant ya fi su tsauri, ba ragi ba ƙari ba yankewa. Gudun haske a sarari, mita 299,792,458 a daƙiƙa, constant ne. Mota na kilomita 60 a awa, allurar mitar gudu ba ta gusa ba: constant speed. In tana wasa tsakanin 58 da 62, steady ya fi dacewa.

Shi consistent sai an maimaita abu kafin ya shigo. Ɗalibin da ya ci 70, 72, 71 a jarrabawa uku consistent ne, ko da wata uku ne tsakaninsu. Yi hattara da constantly: he constantly calls me ƙorafi ne, ya dame ka da kira. She consistently arrives at 8 kuwa yabo ne. Kuma with yake ɗauka, consistent with, ban da to.

Stagnant ma "mara canzawa" ne, amma na ruwan kududdufi. Kada ka yabi kasuwanci da shi, stable kake nufi.