Kan Tafiyarka Kumasi da Ƙullin Daddawar Mahaifiyarka

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya same ni daren Talata, murya ta minti tara, sai da na sa ƙaramin gidan nan ya sake kunna mini sau biyu. Na ga gara in zauna in rubuta maka amsa, don in ka hau mota ka sami abin dubawa a hanya.

In na fahimce ka, ka shekara bakwai kana tsaron shago a Kantin Kwari, yanzu abokinka na Kumasi ya kira ka ku haɗa jari ku riƙa sayar da shadda da huluna a can. Kana tambaya ko dole ne a al'ada sai ka bi gida gida ka yi sallama, alhali waya tana aljihunka. Kana kuma ƙorafin mahaifiyarka ta cika maka jaka guda da daddawa da kuka da yaji da kilishi wai na mutanen da za ka sauka wurinsu, ka ce wannan ƙauyanci ne, tunda babu abin da ba a sayarwa a Kumasi. A ƙarshe ka yi ƙasa da murya ka ce, "Kawu, anya ba ganganci zan yi ba?" Da wannan zan fara, don na ji ita ce take hana ka barci.

Gidanmu ba baƙin wannan hanya ba ne. Tun kafin a san mota, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke ɗaure wa jakuna kanwa da baƙaƙen rigunan rini da jar fata da gabu, su nufi Gwanja sayen goro. Ayari yakan tashi bayan an ɗauke ruwa, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin yada zango, uban dawaki yana sasantawa da sarakunan garuruwan da za a ratsa. A ƙetare Kwara a biya fito, a yi wata biyu ko uku kafin a ga kasuwar Salaga. Wasu ba su dawo ba, 'yan fashi ko ciwo ko kogi ya ci su. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fataken suka bazu zuwa Kete Karachi da Kintampo da Kumasi da Akara, kuma jikokinsu ne za ka tarar a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suna yi maka Hausa mai wani irin lanƙwasa. Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji a 1877, yana saurayi ya bi wannan hanya har Akara wurin mahaifiyarsa. Daga baya ya ga gara ya ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon wahalar jakuna, a lokacin da mutane da yawa suke tsoron teku. Da dogo ya iso Kano a 1911 ciniki ya juya zuwa gyaɗa, ya juya da shi.

Ka lura da abu guda a cikin labarin nan. Babu falken da ya taɓa fita shi kaɗai. Ya san madugun da zai bi, ya san fatoman da zai sauke shi a kowane zango, ya san dillalin da zai sayar masa da kaya da la'adar da zai karɓa. Ni a wurina nan ne kasada ta rabu da ganganci. Mai kasada ya san zai iya faɗuwa, shi ya sa tun kafin ya tashi yake tanadar waɗanda za su ɗaga shi. Tafiyarka kasada ce, kuma ban ga laifinta ba. Shekararka talatin da ɗaya, in ka ci gaba da auna wa wani yadi har furfura ta fito, kai za ka zargi kanka. Amma sallamar da kake ƙyashi da jakar da kake jin kunya, su ne tanadin da nake magana.

Bari in ba ka nawa. Ina da shekara ashirin da uku na fara zuwa Shagamu sarin goro, da kuɗin da na tara da wanda kakarka ta sayar da tumakinta biyu ta ƙara mini. Daren da zan tafi ta miƙo mini ƙulli uku a tsumma: daddawa ta kalwa da ta yi da hannunta, yajin da ta daka da citta da masoro da kanumfari, sai garin kuka. Ta ce in kai wa matar maigidan da zan sauka wurinsa, 'yar unguwarsu ce tun suna 'yan mata. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, sabuwar riga, agogo a hannu. Muna wuce Zariya rana ta buɗe, daddawa ta fara aikinta a cikin mota, wani fasinja ya toshe hanci yana tambayar wa ya ɗauko mushe. Wallahi sai da na yi niyyar cilla ta ta taga a Tegina. Tsoron bakin kakarka ne kawai ya hana ni.

Da na isa aka shiga da ƙullin cikin gida, ina zaune a zaure ina jiran a ba ni ɗaki. Ba a jima ba sai ga tsohuwar da kanta ta leƙo, abin da ba ta saba yi wa baƙi ba, riƙe da daddawar a tafin hannunta tana shinshinawa. Ta ce, "Wannan hannun wance ne. Ita kaɗai take faɗaɗa ta haka kamar kunnen akuya." Sai hawaye. Shekara goma sha tara rabonta da Kano. Daren nan miyar kuka aka yi, aka aiko mini da malmala biyu a akushin maigida. A zauren nan mu baƙi mun kai takwas, amma daga ranar ni ne ɗan gida.

Amfanin abin ya zo a tafiyata ta huɗu. Na zuba duk jarina na ɗauro huhu goma sha biyu, motarmu ta lalace tsakanin Jebba da Mokwa, muka kwana huɗu a bakin titi. Goro ba ya son zafi kuma ba ya son a manta da shi, dole a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince mai sankara kafin ya harbi sauran. A saman lodi babu halin yin haka. Da muka iso aka kwance, fiye da rabi ya yi baƙi ya yanƙwane. Na koma Shagamu da kuɗin mota kawai don in faɗa wa maigida da bakina cewa na karye. Bai ce uffan ba, ya shiga gida ya fito, washegari ya kai ni wurin masu goro ya tsaya mini aka ba ni huhu shida bashi. Daga baya na ji matarsa ce ta ce masa, yaron da uwarsa take tunawa da mu ba za a bar shi ya koma gida da kunya ba. Sai da na shekara biyu ina biyan bashin nan.

Ka ce akwai komai a Kumasi. Gaskiyarka, har ma za ka yi dariya in ka ji sunayen. Kokon safe koko suke ce masa, ƙosai kose, wake da shinkafa wakye, tuwon arewacin ƙasar kuma tuwo zafi, daddawa dawadawa. Kakanninmu ne suka kai kalmomin a kan jakuna. To amma ba yunwa ake kashewa da tsaraba ba. Mutumin da aka haife shi a Yakasai ya tsufa a Zango, unguwar Hausawa a can, in ya buɗe takarda ya ga kilishin Agadasawa, jan nan mai ƙyallin man tunkuza da ke karyewa ƙas a hannu, abin da ya gani shi ne wani a gida ya tuna yana raye. Kai kuma da ka kawo, ka tashi daga baƙon da abokinsa ya jawo, ka koma ɗan wance jikan wane.

Tunda ka tambayi al'ada, bari in rarrabe maka, don na ga yaran yanzu suna cakuɗa su. Guzuri naka ne, abin da za ka ci a hanya, dā dakuwa ce da ƙuli-ƙuli da garin bashi (gero ne da aka daka, kana isa inda ruwa yake ka dama). Tsaraba abin da matafiyi yake riƙo wa waɗanda zai tarar, in zai tafi da in zai dawo. Saƙo na wani ne aka ba ka amana, ba ka da ikon buɗewa ko ragewa, kuma in ka kai aka ba ka tukuici ka karɓa, kada ka ce ka fi ƙarfinsa, ƙin karɓa raini ne. Sai sautu, a ba ka kuɗi ka sayo wa mutum abu. Wannan ka yi hattara da shi. Za ka ga gwaggonninka suna miƙo maka 'yan kuɗi a sayo musu atamfar Gana, kuɗin ba za su kai rabi ba in an canza zuwa sidi, kunya ta sa ka cika daga jari. Ka rubuta na kowa a gabansa, ka faɗa masa in bai isa ba za ka dawo masa da abinsa.

Yadda ake bayarwa ma da ladabinsa. Ba a ƙofar gida kake zazzage jaka ba. Ka gaisa, ka sha ruwa, ka huta, sannan ka ware na maigida ka miƙa masa da hannu biyu kana cewa ga ɗan abin da aka samu, babu yawa. Kayan miya kuma ka ba yaro ya shiga da su, ya ce daga mahaifiyarka, da sunanta. Kada ka faɗi kuɗin abu ko da wasa. Ka ɓoye ɗan kilishi da turare don limamin masallacin unguwa da mai unguwar da za a kai ka gaisuwa, domin ranar da rigima ta taso a kasuwa su za a tambaya ko an san ka.

Sallama kuwa, ba kowa zan ce ka bi ba, zamani ya sauya kuma Kano ta yi faɗi. Abokai da sa'o'inka waya ta ishe su. Amma akwai gidajen da sai ƙafa: baffanka na Gwale, yayar mahaifinka, surukanka, malamin da ya yi maka sauka, da maigidanka na Kwari. Na ƙarshen nan ya fi duka nauyi. Kada ya ji a bakin 'yan layi cewa yaronsa zai tafi. Ka je gidansa, ba shago ba, ka roƙe shi ya sallame ka da kansa, ku yi lissafi a rufe littafi ko naira ɗaya ba ta rage ba. Shekara bakwai ba wasa ba ce, mai yiwuwa ya ba ka kaya a kan amana ka fara da su, in ma bai bayar ba, kalmarsa a kanka jari ce. Dalilin sallama a wurin magabata a fili yake. Mai tafiya bai san ko zai dawo ba, sai ya nemi gafara, ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya damƙa iyalinsa a hannun wani. Kai ma matarka da jaririnta a nan za ka bar su, waɗanda ka durƙusa a gabansu su ne za su riƙa leƙa ta.

Wani abu da fataken dā ba su sha fama da shi ba amma kai zai same ka, shi ne takarda. A ƙarshen 1969 an ba baƙin da ba su da izinin zama a Gana mako biyu su fice, ina yaro na ga waɗanda suka dawo Kano da tabarma da buta bayan sun bar gidaje da rumfuna. A 1983 mu ma muka yi wa nasu haka. Yanzu yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90 ba tare da biza ba, amma shiga daban, zama da buɗe shago daban, kuma ƙasar tana da dokokinta kan baƙo mai sayar da kaya ɗai-ɗai a kasuwa. Ka sa abokinka ya yi maka bayanin da sunan wa rumfar take, ku rubuta yarjejeniyarku a gaban shaidu biyu. Kada kuma ka tafi da jarinka duka. Ka bar kashi ɗaya cikin uku a wurin mahaifiyarka, ni ne shaida ba ta taɓa kuɗin ajiya. Da na yi haka a tafiyata ta huɗu da ban ci bashi ba.

Jakar kuma a sake ɗaure ta. Daddawar a ƙara shanya ta kwana biyu, a sa a roba mai murfi a naɗe da leda, don hanyar Ikko da Seme da Kwatano da Lome zuwa Aflawo doguwa ce, kada a yi maka abin da aka yi mini. Kilishin a saya ranar tafiya, kuma ka tambayi direbobin hanyar yadda ake yi da nama a kan iyaka. Na ji ta ce za ta sa gurasar Jakara, ka ba ta haƙuri, ba za ta kai ba sai ta yi fumfuna, alkaki da nakiya sun fi jure hanya. Ka biyo ta nan ranar Juma'a bayan an sauko, akwai hula zanna bukar da kwalbar turare da zan ba ka ka kai wa wani tsoho a Aboabo, tare muka yi zaman zauren Shagamu, zan kwatanta maka gidan. In Allah ya dawo da kai lafiya, ni ƙwarya ɗaya ta farin goro nake so, manya, ka zaɓa da hannunka.