Ƙanena, miliyan 14 ɗin nan da ka ji ba a aljihu ake sa ma mutum ba

Na ji saƙonninka na murya duka ukun, har da wanda ka turo ƙarfe biyun dare. Ka ce wani ya sa a gurup ɗinku na WhatsApp wai a Faransa gwamnati na ba duk mai naƙasa miliyan 14 na sefa ya gyara gidanshi, kai kuma ga ƙafarka ta shan inna ga lisansinka na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, in nemo maka lakwal ka taho ka samu karatu ka samu gida. Kai ne na huɗu da ya yi mini wannan maganar tun bayan azumi, shi ya sa zan rubuta sau ɗaya, ka karanta ma Inna don na san ita ke ƙara maka wuta.

Kuɗin akwai su, wannan ba ƙarya ba ne. Sunan tsarin MaPrimeAdapt', ya fara 1 ga Janairu 2024, hukumar gidaje da ake ce ma Anah ke riƙe da shi. Amma miliyan 14 ɗin nan yuro 22,000 ne, kuma iyakar kuɗin aikin da suke yarda su lissafa kenan, cikinsu su biya kashi 50 ko 70 cikin ɗari gwargwadon abin da gidanka ke samu, saura kai ka san inda za ka nemo. Sai kana da shekara 70, ko 60 zuwa 69 in an tabbatar ƙarfinka ya ragu, ko kana da takardar da ta ce naƙasarka ta kai kashi 50, kuma gidan nan ne kake kwana ka tashi. Akwai wani daban, PCH, tallafin masu naƙasa, tun dokar 2005, a MDPH, ofishin masu naƙasa, ake kai dosiyenshi, shi yuro 10,000 ne cikin shekara 10, 1,500 na farko su biya duka, abin da ya hau kai rabi, kuma baƙo sai da takardar zama. To kai da za ka sauka ɗakin ɗalibai mai murabba'in mita 9, wanda ba naka ba, wane bango za ka fasa?

Ka san ni da ƙafafuna na bar Maradi, hatsarin mota na 2017 ya zaunar da ni a keke. Abin da ban taɓa gaya ma Baba ba har ya rasu, lokacin muna haya hawa na uku, ba asansar, matakala 52 na ƙirga su, wata 14 in ba ranar asibiti ba ba na sauka, ranar kuwa sai matata ta je ta ƙwanƙwasa ma maƙwabci su ciccibe ni kamar buhun gero. Mai gidan na roƙe shi ko ƙarfen dafawa ya sa mini a ban ɗaki ya ce in tashi in ba ta yi mini ba. Lokacin ne ku kuke ganin hotona a Facebook da jaket kuna cewa yaya ya huta.

Gidan da nake ciki yanzu ba wanda ya ba ni, aiki na koma ina zaune gaban kwamfuta, muka tara, banki ya ranta mana na shekara 25 (kar ka kawo mini maganar riba, na riga na sha ta wurin malamai biyu). Kuma nan na yi wautar da har yau take ci mini rai. Na gaji da wanka da bokiti sai na sa magini ya fasa bahon wankan kafin in kai dosiye, ashe duk aikin da ka fara kafin ka kai takardu ba ya cikin lissafi, yuro 3,000 suka tafi haka nan, kusan miliyan 2 ku can. Maginin kuma ya karɓi kuɗin somin aiki ya ɓace wata uku, da ya dawo ya yi ƙofa kekena bai wucewa sai na kankare yatsu, muka yi ta rigima ya sake. Galibi sai an gama aiki ka kai faktir sannan kuɗi su shigo, ka ga wanda bai da ko sisi a ajiye ba zai ma iya tayar da aikin cikin kwanciyar rai ba.

Amma wallahi ba kuɗin suka fi ba ni wuya ba. Wata mata aka turo, aikinta kenan, ta zo da ma'auni ta ce in nuna mata yadda nake tashi daga keke in hau masai, wa ke wanke mini baya, sau nawa nake tashi fitsari da dare, matata na tsaye tana ji. Ita ba da mugunta take yi ba, da haka ta gano inda za a kafa kowane ƙarfe kuma ta yi daidai, amma ni ɗan Bagalam da ko sunan ban ɗaki ba mu faɗi gaban manya, ranar ban ci tuwon dare ba. Kai da nake sani ko sandarka ba ka so a riƙe maka, ka yi tunanin wannan.

Maganar lakwal kuma dabam take. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, biza sai ka fita wata ƙasa, kuma ko a 2024 sai ka nuna yuro 615 kowane wata, jika 400 da ɗoriya, ni ba ni da su da zan tsaya maka, kar Inna ta ce na ƙi. Turo mini hotunan sakamakonka na shekara ukun in duba ko akwai masta da za ta karɓe ka da burs, ban yi alkawari ba.

Kafin nan ka samu magini nan unguwa ya auna dakalin zauren Inna da ka sha faɗuwa a kai lokacin damina, ya yi maka gangare da siminti, ya ɗaga masai ya kafa ƙarfen dafawa gefe biyu, ƙofar ta kai santimita 90. Ka gaya mini buhu nawa ne da kuɗin hannunshi in turo ƙarshen wata, amma kar ka ba shi duka sai ya gama.