Amsar Kawu Kan Tafiyarka Birnin Rum

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na karanta shi har sau biyu. Ka ce abokin karatunka ya gayyace ka ku sauka daga Bolonya ku yi hutun ƙarshen mako a gidan iyayensa a birnin Rum, kuma abin da ya tsaya maka a rai shi ne giya: idan aka zuba maka ka ƙi, ba za a ce ka ci fuskar masu gida ba, tunda mu an raine mu a kan baƙo ba ya mayar da abin da aka ba shi? Na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka hau jirgin ƙasa.

A shekarun da na yi ina aiki a Italiya ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai don na ce ba na sha ba. Suna da kalmarsu ta mutumin da ba ya taɓa giya, ka riƙe ta: "sono astemio". A cikinsu ma akwai irin waɗannan, don haka ba baƙon abu ba ne a kunnensu. Abin da ke yi musu ciwo daban ne. Uwar gida ta yi sammakon kasuwa, ta wuni a gaban murhu, sai an ajiye maka faranti sannan ka ce ba ka ci. Wannan kam ko a gidanmu ka san yadda zai sosa ran mahaifiyarka. Saboda haka yau ɗin nan ka gaya wa abokinka ya sanar da mahaifiyarsa cewa ba ka shan giya, ba ka cin alade, kuma ba ka cin abin da aka dafa da ɗayansu. Kada kunya ta sa ka bari sai ranar.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagaya giya, kuma ni ban taɓa ɗaukar sa da wasa ba. Abin da na gani dai shi ne idan ka faɗa da wuri, cikin ladabi, masu gida da yawa da kansu suke ɗauke kwalbar ranar don girmama baƙo. In ba su ɗauke ba, ga ka ga malaminka, ka tambaye shi kafin ka tafi. Idan kun fita da yamma ana neman abin jiƙa maƙoshi, ka ce a ba ka Crodino ko chinotto, babu barasa a cikinsu.

Aladen ne ma ya fi buƙatar sa ido, don giya kana ganinta a kofi, shi kuwa ɓuya yake yi. Taliyar da Rum ta yi suna da ita, carbonara da amatriciana da gricia, duk da naman kumatun alade ake yin su, wanda suke kira guanciale. Cacio e pepe kuwa cuku ne da masoro kawai, ita nake ci hankali kwance. Shinkafarsu ta risotto galibi sai an zuba mata farar giya, wani kayan zaƙinsu, tiramisu, shi ma wasu suna sa masa giya, wasu biredi da kayan zaƙi kuma da kitsen alade ake kwaɓa su, sunansa strutto. Tambaya ba ta zubar da mutunci a can, mai girki ma daɗi take ji ka nemi sanin abin da ta sa. Ga kifi, ga ganyaye iri-iri. In kun bi ta tsohuwar unguwar Yahudawa, gidajen abincinsu masu bin ƙa'idar addininsu ba sa kusantar alade, kuma suna soya wani kayan lambu, carciofi, har ganyensa ya buɗe kamar fure yana ƙaras-ƙaras a baki.

Abin da za su auna tarbiyyarka da shi shi ne zaman. Abincin rana na Lahadi yakan ci awa biyu ko uku. Ana fara kawo 'yan abubuwan taɓawa, sai taliya, sai nama ko kifi da ganye, sai kayan zaƙi, a rufe da ɗan ƙaramin kofin gahawa mai ƙarfi. Kada ka cika ciki da taliya kana zaton ita ce ƙarshe. Kada ka ci ka miƙe kamar yadda muka saba, kuma wayarka ta zauna a aljihu. Na tuna wata dattijuwa da ta zuba wa farantina ido tun da na fara ci. Da na gutsuri biredi na suɗe sauran miyar tumatir tas, sai ta dafa ƙirjinta tana murmushi. Suna ce wa wannan scarpetta. A gida ne ake yi, ba a manyan wuraren cin abinci ba, kuma ma'anarsa ɗaya da suɗe kwanon tuwo a wajenmu.

Yawon gari kuma kada ka ce sai ka cinye Rum a kwana biyu. Ka ga Kolosiyam, katafaren filin wasan Rumawan dā, wanda aka buɗe a shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa, ka tsaya ka yi tunanin waɗanda suka gina shi da inda suke yau. In za ku shiga majami'ar Fatikan don kallon gini, sai da suturar da ta rufe kafaɗa da gwiwa, wannan ba zai ba ka wahala ba. A maɓulɓular Trevi za ka ga mutane suna jefa kwabbai ta bayan kafaɗa wai don su sake dawowa garin. Ka kalla kawai, dawowarka tana hannun Allah. Ruwan sha kada ka saya, akwai famfunan ƙarfe a bakin titi da suke kira nasoni, ka toshe bakin da yatsa ruwan ya fito ta 'yar hudar sama ka sha.

In da hali ku isa tun safiyar Juma'a, tafiyar wajen awa biyu ce a jirgi mai gudu, ka sami jam'i a Babban Masallacin Rum da aka buɗe a 1995. Ka gayyaci abokinka ya raka ka ya ga ginin. Kuma kada ka shiga gidan mutane hannu rabbana. Dabinon da mahaifiyarka ta aika maka, in da saura, ka zuba a mazubi mai kyau ka miƙa wa uwar gidan da hannu biyu. Ka kira ni ranar Litinin in ji yadda kuka yi. Allah ya kiyaye hanya.