Tambaya da Amsa: Kai Bishara Gidajen Mata Masu Zaman Kansu

Tambaya: Mu matan zumunta ne a wata ikilisiya a Zuru. Mun je wa'azi wani gidan mata masu zaman kansu, biyu suka ce sun bar harkar. Muka tara kuɗi muka ba su jari, kafin wata biyu sun koma. Ta ina za mu gyara?
Daga wata uwar zumunta, Zuru, Jihar Kebbi

Amsa: Mama, sannunku da aikin Ubangiji. Kada ku yanke cewa tubansu na ƙarya ne. Galibi bashi ne ke maido su. A irin waɗannan gidaje kullum ko duk mako ake biyan kuɗin ɗaki, ga bashin magajiya na abinci da magani, ga zubin adashe, ga yaro a ƙauye wurin kaka da ake aika wa kuɗi. Jarin da kuka ba su a hannu, waɗannan ramukan ya cike tun kafin a sayi komai.

Saboda haka kafin mace ta fita, ku zauna da ita da biro da takarda: nawa magajiya ke bin ta, saura zubi nawa a adashe, mutum nawa take ciyarwa. Bashin magajiya a biya shi gaban shaidu biyu, in ba haka ba za a riƙe mata kaya. Sannan a kama mata ɗaki a wata unguwa, a biya hayar wata shida, domin muddin tsofaffin baƙinta da kawalai sun san ƙofarta ba za su bar ta ba.

Jari kuwa kaya za ku saya, ku bar ba da tsabar kuɗi. Ku fara da sana'ar da ke kawo ciniki a ranar, kamar awara ko ƙosai. In awara ce: tiya biyu ta waken suya, man gyaɗa, kasko, mataci da itace. Watanni uku na farko wata daga cikinku ta riƙa duba ciniki da ita duk mako, a ware uwar kuɗi daga riba. Keken ɗinki ya biyo baya. Koyon ɗinki na cin shekara ko fiye, wadda ba ta da na tuwon dare kuwa sayar da keken za ta yi.

Shiga gidan ma da ladabinsa. Mata biyu ko uku, dattijai, ba namiji ko da fasto ne. Ku je da hantsi bayan sun tashi barci, ku fara gaida magajiya ku nemi izininta. Ku bar anko da ganga a gida, kada a ɗauki hoto. Hisbah kan kai samame irin waɗannan wurare, don haka duk baƙon da ya zo da hayaniya ɗan leƙen asiri suke ɗaukarsa.

Da yawansu Musulmi ne. Ku faɗi ko ku su wane ne tun a bakin ƙofa, kuma kada taimako ya rataya a kan zuwa coci. Wadda ta yarda a karanta mata Littafi Mai Tsarki, Yohanna 8:1-11 da Luka 7:36-50 sun isa a fara.

Ku raka mai so asibitin gwamnati gwajin ƙanjamau. Maganin rage kaifinsa kyauta ne. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta cikin awa 72 a fara mata maganin kariya na kwana 28. In kun ga yarinya ƙasa da shekara 18, kada ku ɗauke ta da kanku, ku sanar da ofishin jin daɗin jama'a ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.

Abu biyu muke roƙonku da su ƙwarai. Kada ku tsayar da wadda ta bar harkar gaban ikilisiya ta ba da shaida, gari zai ɗauka, 'ya'yanta su sha gori a makaranta. Kada kuma ku yi saurin haɗa ta aure don a rufa asiri, domin da yawansu auren da ba su so ne ya fara koro su daga gida. Su biyun nan da suka koma, ku je ku gaishe su cikin makon nan, ku tafi da takardar lissafin.