Tambaya da Amsa: Dabbobin da na ceto suna mutuwa bayan sun fara ƙoshi

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da fili a bayan gari inda nake tattara dabbobin da aka gaji da su: tsofaffin jakai da aka daina ɗora wa kaya, awaki da tumakin da suka kasa a kara, da shanu biyu. Ba na kiwon sayarwa ba ne, so nake su huta har ƙarshen ransu. A wata guda jaki ɗaya da awaki uku sun mutu, duk a makon farko da zuwansu. Ban bar su da yunwa ba. Dusa, jiƙaƙƙiyar dawa, kanwa, ba abin da ban ba su ba, har mai allura na kira ya yi musu ta ƙarin ƙarfi. Maƙwabta na cewa kambun baka ne. Hankalina ya tashi, ina tsoron ɗauko wasu.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wannan aiki. Ka bar maganar kambun baka. Yadda ka bayyana, abin da na fi zargi shi ne abincin nan da ka cika musu a kwanakin farko, sai kuma allurar.

Kusan kowa ya yarda cewa ramammiyar dabba maganinta a tura mata hatsi ta ƙoshi. Wannan fahimta tana iya kashe dabbobin ceto. Jakin da ya yi makonni ba ya samun na kirki ya cinye kitsensa, ya koma cin naman jikinsa, kuma sinadaran fosfaras, potasiyam da magniziyam sun ragu a jikinsa. Ranar da ka ajiye masa kwanon dawa, sukari ya hau a jini, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don rage sukari a jini, ya taso, ya kwashe ɗan ragowar sinadaran nan daga jini ya shigar da su cikin ƙwayoyin jiki. Zuciya da tsokar numfashi su rasa abin aiki. Shi ya sa yake ci da marmari ranar farko da ta biyu, kana murna, sai tsakanin kwana na uku da na biyar ka tarar da shi kwance yana haki, ya kasa ɗaga kai.

Awaki da tumaki da shanu kuma ta tumbi abin yake kama su. Ƙwayoyin da ke narka abinci a tumbi sun saba da busasshiyar ciyawa, kuma suna bukatar mako biyu zuwa uku kafin su saba da hatsi. In hatsi ya shigo da yawa lokaci ɗaya, tumbi ya yi tsami, ya janyo ruwan jiki zuwa cikinsa. Cikin awa 12 zuwa 36 za ka ga akuya ta daina tuƙa, gefen hagu ya kumbura, tana cizon haƙora, zawo mai warin tsami yana zuba, ido ya faɗa. Wani lokaci ma ba ka ganin komai, da safe gawa kawai za ka tarar, domin hatsin ya ba ƙwayar cutar Clostridium dama ta hayayyafa a hanji ta saki guba. Mai azumin yini ɗaya ma da dabino da ruwa yake buɗe baki, balle cikin da ya yi wata a wofi.

Tsarin da masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fitar don dokin da yunwa ta ci shi ne: kwana uku na farko, kimanin rabin kilo na busasshen alfalfa, wata ciyawar kiwo dangin wake, duk bayan awa huɗu, dare da rana. Daga kwana na huɗu zuwa na goma a riƙa ƙara yawa ana rage sau nawa ake bayarwa, har a kai sau uku a rana. Hatsi ba ya cikin lissafi sam. Abin da ya fi kusa da alfalfa a wurinmu shi ne harawar wake ko ta gyaɗa, mai ganye, wadda ba ta yi fumfuna ba. Jaki bai kai doki jiki ba, giram 150 zuwa 200 ya ishe shi kowane zagaye, a haɗa masa da ciyawa mai laushi. Amma kada ka bar jaki yini guda bai ci komai ba, domin in ya ƙi ci kitse yana cika masa jini ya lalata hanta. Jakin da ya kau da kai daga abinci, ranar za a kira likita.

Akuya da tunkiya da saniya, mako na farko busasshiyar ciyawa da ɗan harawa, ruwa mai tsabta, da gishirin lasa. Sai a mako na biyu ka fara dusa, tafin hannu ɗaya ga akuya, kana duba kashinta kowace safiya. Ya yi laushi, ka koma baya. Kuma ka sa a ranka cewa wata uku zuwa biyar ake yi kafin dokin da ya rame sosai ya mayar da jiki.

Batun mai allura kuwa, nan ne raina yake ɓaci. Mutum ya rataya jaka a kara, bai auna zafin jiki ba, bai ɗaga leɓe ya duba dasashi ba, bai san nauyin dabbar ba, sirinji ɗaya ya bi garke da shi. Abin da suke kira allurar ƙarin ƙarfi sau da yawa dexamethasone ce. Dabba za ta ɗan wartsake, mai ita ya ji daɗi ya biya, alhali maganin ya danne garkuwar jikinta, yana zubar da cikin akuya da saniya in ya tsufa, yana kuma iya ƙone kofaton jaki da doki daga ciki. Maganin sammore na diminazene da ake yi wa shanu yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jaki ya kashe shi. Maganin tsutsa na levamisole in an ɗan zarce ƙima guba ne ga ramammiyar akuya. Ɗura kuma, ga dabbar da ba ta iya haɗiya da kyau, huhu take tafiya. Maganin tsutsa ana bayarwa, amma bayan an auna nauyi, an duba kashi a asibitin dabbobi, kuma dabbar ta fara tsayawa da ƙafarta.

In dabba ta kwanta, ka tallafe ta da buhun ƙaiƙayi ta zauna kan ƙirji, ka riƙa juya ta duk awa uku zuwa huɗu a kan shimfiɗar ciyawa. Saniya ko akuyar da ta rame ga ƙaton ciki mai tauri, ta taso tana kiwo a bola, ka zargi leda. Ba kanwa ba man ja da zai fitar da ita, sai likita ya tsaga tumbi.

Sai killacewa. Duk sabuwar zuwa ta yi kwana 30 a garke na daban, da kwanon ruwanta da na abinci, kuma ita za ka kula da ita a ƙarshe kowace rana, ka wanke hannu da takalmi. Annobar PPR ta awaki da tumaki tana iya ɓoyewa har kwana 21, ciwon huhun shanu kuwa ya fi haka daɗewa. Rigakafinsu duka ana yin su a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, ka neme su ta ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma idan dabbar ta murmure. Wadda ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe, a binne da zurfi, a kai rahoto, domin alamar cutar anthrax ce kuma tana kama mutum.

Kafin ka ɗauko wasu, ka karɓi rasit daga dillali, ka sanar da mai unguwa, saboda yadda satar dabbobi ta yi yawa. Ka raba maza da mata ko likita ya fiɗiye mazan, in ba haka ba awaki biyar za su zama goma sha wani abu a shekara. Sannan ka ƙirga harawar da ka tara tun kaka, ka ga ko za ta kai ka watan Yuni. Yawan dabbobin da wannan harawa za ta riƙe, su kaɗai za ka karɓa bana.